Abin da Na Tono a Ƙarƙashin Zaure

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah Ya kai ka Abuja lafiya. Ya tsare ka daga direba mai gaggawa da aboki mai zuga, Ya haɗa ka da shugabannin aiki masu tsoronSa.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Dalilin shi ne akwai maganar da ba zan iya kallon idonka in faɗa ba. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, saboda sunan mahaifina ne, balle in zaunar da kai in yi maka zancen fitsarina. Amma lokacin kunya ya ƙare mini. Na ce wa mahaifiyarka ta miƙa maka wannan tun da sauran kwana uku ka tafi, domin akwai aike a ciki. Akwai kuma wani ɗan ƙunshi a cikin ambulan. Kada ka buɗe shi sai ka kai ƙarshe.

Mun gaya maka ciwon bayan nan daga tsani na faɗo. Ƙarya ce, kuma ni na shirya ta. Shekara talatin da wani abu ina hawa gini, ban taɓa faɗowa ba. Ciwon daji ne. Daga ƙarƙashin mafitsara ya fara, yanzu ya shiga ƙashin baya da ƙugu. Ba na jin zan ga dawowarka hutun farko. Kada ka tashi ka zo ɗakina da kuka. Zauna ka gama karantawa.

Ka san ubanka. Aji uku na yi a sakandare na fito. Kakanka Malam Isa maginin ƙasa ne, da tubali da azara ya yi suna daga Gumel har ƙauyukan Sule Tankarkar, ni kuwa na dube shi na ce zamanin laka ya wuce. Na tafi Kano na koyi bulo da kankare, na dawo da cokalin gini da igiyar awo, ba ni da ko keke. Da hannun nan na tashi. Da aka ba mu jiha aiki ya buɗe, na gina azuzuwa a Gagarawa, na gina jerin shaguna a Maigatari waɗanda har yau ba wanda ya tsage. Ban gaji ko bulo ɗaya ba, kuma na sha faɗin haka a gaban mutane. Ashe na yi gado, ban dai san irin gadon ba.

Abin ya fara shekara takwas da suka wuce. In tsuguna, sai in daɗe kafin ya zo, in ya zo kuma kamar bakin buta ya toshe. In tashi in yi tsarki, kafin in kai masallaci sai in ji ɗigo. Sai na daina tsayawa a sahun farko, na koma na ƙarshe kusa da ƙofa, na ce wa mutane zafi nake gudu. Na rage shan ruwa don alwalata ta riƙe. Ka tuna yadda nake yini a rana a wurin aiki ina ƙin randa, leburori suna cewa Alhaji raƙumi ne? Daɗi nake ji in sun faɗa. Kuma duk filin da aka ba ni, kafin a haƙa harsashi sai na sa an ja bulo an yi bayi a kusurwa. Har yabona ake yi, wai ɗan kwangila mai tsabta.

Mutum ɗaya ne bai ruɗu ba, Mista Bitrus, ma'aikacin lafiyan nan mutumin Filato da na gina wa gida a bayan tasha. Wata rana yana tsaye yana kallon aikin gidansa, ya ga na shiga bayin sau uku kafin a gama kwaɓa siminti buhu ɗaya. Da na fito ya ce, "Alhaji, ko dai tsabta ta yi maka yawa, ko kuwa akwai magana."

Na ce, "Ku mutanen kan dutse me kuka sani game da tsarki?"

Ya yi dariya ya ce, "Tsarki naku ne, na bar muku. Amma mafitsara ta kowa ce. Ka je Kano a duba ka. Zan rubuta maka takarda."

Na ce, "A duba ni ta ina?"

Ya gaya mini ta inda likita ke sa yatsa. Na ce masa in ya sake yi mini wannan magana zan bar masa gidan ba rufi. Ya rubuta takardar duk da haka. Na naɗe goro da ita.

Abba, ga darasi na farko. In jikinka ya canza maka, ka faɗa wa wanda ya san jiki, tun abin yana ƙarami. Na iya gane tsagar bango tun tana kamar zare, na sha yi wa masu gida faɗa don sun shafe ta da fenti. Ni kuwa shekara huɗu ina shafa wa tawa fenti. Girman da na tsare a lokacin, yau ga shi ana juya ni a kan gado kamar buhu.

Na biyu ya fi nauyi, don ba ni kaɗai ya cuta ba.

Kakanka da irin wannan ya rasu. Fitsari ya tsaya masa, bayansa ya riƙe, ya rame har ana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Duk gari aka ce jifa ne, wai wani magini da suka yi takarar ginin soron wani dagaci ne ya binne masa abu. Da wannan labari na tashi, kuma ban taɓa tambaya ba. To da nawa ya matsa, ina tunanina zai tafi? Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na bar motata a wurin shaguna, na hau babur na ƙetara iyakar ƙasa zuwa wurin wani mai duba da aka yi mini kwatance. Ya zana ƙasa, ya share, ya sake zanawa. Ya ce an binne mini abu a bakin ƙofata, kuma wanda ya binne mun ci tuwo a kwano ɗaya.

Mutum ɗaya ne ya taɓa harsashin zauren gidan nan ban da ni: ƙanena, Baffanka Haruna. Tare muka haƙa shi. Bayan nan muka raba hanya, don shi ya ƙi barin ginin ƙasa, ni kuma ba na iya rufe baki a kan haka. Ya koma Sule Tankarkar yana yi wa manoma ɗakuna da rumbuna. Ba faɗa muka yi ba, duk sallah yana zuwa. Amma a kan babur ɗin nan, kafin mu iso Maigatari, na riga na gama yanke masa hukunci. Na ce hassada ce, ya ga na yi mota shi yana kan jaki.

Kana makaranta a Kaduna lokacin. Mun ce maka gara ce ta ci daɓen zaure. Ba gara ba ce. Ni na ɗauki diga da hantsi, ƙofa a buɗe, maƙwabta suna kallo, na fasa daɓen da nake alfahari da shi. A ƙarƙashin dokin ƙofa, zurfin kamu biyu, na ci karo da 'yar kwalba an toshe bakinta da kakin zuma, da laya a ciki. Wallahi, Abba, farin ciki na ji. Na ɗaga ta sama ina nuna wa mutane kamar na ciro ƙaya.

Na aika aka kira Haruna. Ya zo washegari da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya yi sallama, ya ga ramin, ya ga kwalbar a hannuna, ya ga mutane.

Ya ce, "Yaya, ka tono ta?"

Na ce, "Ashe ka san ta."

Ya ce, "Ni na sa ta. Ka buɗe ka gani mana."

Na ce, "In buɗe don ta ƙarasa ni? Kun ji shi, jama'a, da bakinsa."

Ya ce, "Yaya, don Allah ka buɗe."

Na ce masa ya fita, kuma in na mutu kada ya tsaya a kan gawata. Ya dube ni, ya dubi ramin, ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya." Shekara huɗu ke nan bai sake taka gidan nan ba. Kwalbar kuwa na jefa ta a tsohuwar akwatin kayan aiki, don an ce in an ƙona abin zai koma kan mai shi, ni kuma duk da haka ban so ya mutu ba.

Na jira sauƙi. Wata biyar bayan nan fitsarin ya tsaya cak, yini guda da rabi, marata ta kumbura kamar tulu. Bitrus ɗin da na yi wa rashin mutunci shi ya zo ya sa mini robar fitsari, ya kuma bi layin man fetur da kansa ya samo galan biyu aka kai ni Kano.

A can aka yi mini abin da na ƙi, aka ɗebi jini, aka yanki ɗan nama aka auna. Likitan ba zai girme ka da yawa ba. Da ya ji sana'ata sai ya ajiye biro ya ce zai yi mini bayani da yaren magina. Zan rubuta maka yadda na fahimta, kai mai karatun zanen gini za ka fi ni ganewa.

Ya ce akwai wata 'yar tsoka kamar goro a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, ta zagaye hanyar fitsari, su suna ce mata furostet. Ya ce tun mutum yana cikin uwarsa ake gina ta, kuma akwai zanen ginin a rubuce cikin ƙwayoyin halittar da ya samo daga uwa da uba. A cikin rubutun nan akwai wanda aikinsa ya ce a fara, a tsiro nan, a yi reshe can, wannan ya tashi daga nan ya koma can ya zauna. In gini ya kammala, sai waɗannan su yi shiru, ko su koma 'yan gyare-gyare. Ya ce abin da masu bincike ke zargi, kuma ya ce ba su gama ganowa ba, shi ne a jikin wasu mazan, bayan shekara hamsin ko sittin, sai waɗannan tsofaffin umarni su sake tashi. Magina su koma aiki a gidan da aka riga aka gama, ba mai duba su. Su yi ta ɗora bulo har su toshe hanya. Kuma da yake tun asali sun san yadda ake tashi daga wuri a koma wani, sai su bi jini su je su kafa sabon aiki a cikin ƙashi.

Na ce, "Likita, wa ya tashe su?"

Ya ce, "Ba mutum ba ne, Alhaji." Sannan ya ce, "Mahaifinka da me ya rasu?"

Na buɗe baki zan ce jifa, sai na fasa. Na ba shi labarin yadda aka yi. Ya gyaɗa kai ya ce ba zai rantse ba tunda bai gan shi ba, amma abin yana bin gida. Wanda ubansa ko ɗan'uwansa ya yi, ya fi sauran mutane kusa da shi. Ya tambaye ni ko ina da 'yan'uwa maza da 'ya'ya maza. Na ce ɗa ɗaya. Ban ambaci Haruna ba.

Ran da na dawo Gumel na sa aka fito mini da akwatin kayan aiki. Na fasa kakin, na warware layar. Abba, rubutun kakanka ne. Na san hannunsa kamar yadda na san nawa, yadda yake jan wutsiyar harafi kamar yana shafe bango. Addu'ar neman tsari ce ga gida da mutanen cikinsa. Sai a lokacin na tuna: duk ginin da ya yi, sai ya sa irinta a ƙarƙashin dokin ƙofa kafin a ɗora. Ina yaro ni nake riƙe masa kwalbar. Na manta, don na sa kaina manta duk abin da ya shafi laka. Haruna bai manta ba. Daga baya mahaifiyarka ta ji daga bakin matarsa cewa guda ɗaya ce ta rage a kayan tsohon bayan rasuwarsa, Haruna ya ajiye ta shekaru, bai sa a nasa gidan ba, ya sa a nawa. Bai gaya mini ba don ya san zan yi masa dariya.

To ga na biyu. In wahala ta same ka, kada ka fara da tambayar wa ya yi mini. Duk wanda ka je wa da wannan tambaya zai ba ka suna, kuma sunan na kusa da kai zai bayar, don na nesa ba ya shiga zaurenka. In kuma mutum ya ce maka buɗe ka gani, ka buɗe.

Za ka ce, to da ka gane ai sai ka tafi Sule Tankarkar. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Sau biyu ina sa direba ya kama hanya, sau biyu ina cewa ya juya. A gaban mutane na tozarta shi, na san a gaban mutane ya kamata in wanke shi, kuma na daɗe ina kasawa. Wannan ba shawara a cikinsa. Na faɗa maka ne kawai don ka san wane ne ubanka.

Na uku gajere ne, don har yanzu alƙalami yana yi mini nauyi a kansa. Likitan ya ce maginan nan da sinadarin mazantaka suke aiki, kamar yadda kwaɓi ba ya yiwuwa sai da ruwa. In aka yanke musu ruwan za su lafa, wataƙila shekaru. Hanyar da ya fi amincewa da ita ita ce a cire 'ya'yan maraina. Na miƙe tsaye da robar fitsari a jikina na ce masa ni ba taure ba ne, ba kuma bijimin noma ba. Na karɓi ƙwayoyi na dawo, su ma da na ga ƙirjina ya fara kumbura na watsar. Bayan shekara guda da wani abu aka mayar da ni a kwance, hoto ya nuna abin a ƙashin baya fari-fari kamar an watsa farar ƙasa. A lokacin na yarda aka yi. Ya ba ni sauƙin da ya ba ni, na samu na ga ka gama makaranta. Yanzu ciwon ya daina ji. Likitan ya ce maginan sun koyi aiki ba ruwa.

Abin da na ƙi bayarwa don a ce ni namiji ne, na bayar da shi daga baya, kuma ban samu abin da zan samu da farko ba. In likita ya ce yau, kada ka ce sai ka yi tunani irin nawa. Mazantaka ba ta hana a ɗauke ka a kai ka bayi.

Kai kuma ka rubuta wannan a inda ba za ka manta ba: in ka kai shekara arba'in, ka je a duba ka, ko kana jin kanka kamar doki. Ka gaya wa likita kakanka da ubanka. In Allah Ya ba ka 'ya'ya maza ka gaya musu da bakinka, kada ka bari sai a takarda irin wannan. Na so in bar maka suna da gidaje kawai. Ban san ko na sa maka wannan a jini ba, likitan ya ce ba dole ba ne, amma tunanin ya fi ciwon ƙashin hana ni sukuni.

Yanzu ga aiken.

Watan jiya da aka kai ni ta'aziyya Gagarawa, ina zaune a mota don ba na iya sauka, na hango Haruna. Bai gan ni ba. Ya ɗauki buta ya zaga bayan wani kango. Na duba agogo ba da niyya ba. Ya daɗe. Ya fito, ya yi taku kamar goma, ya tsaya, ya koma. Da aka tayar da sallah na ga inda ya tsaya: sahun ƙarshe, daf da ƙofa. Aka zagayo da ruwa a kwano, ya kawar da kai.

Abba, na san wannan tsayuwar. Shekarata huɗu a cikinta.

Shi bai san abin da likita ya gaya mini ba. Shekara uku da wani abu ina riƙe da maganar da za ta iya yi masa amfani, girman kai ya hana ni kai masa. Wataƙila ma yana can yana zaton ni na rama. Ban sani ba ko an riga an makara, zuciyata tana gaya mini an makara, don ban ga abin da na taɓa a 'yan shekarun nan ya gyaru ba. Amma shi ƙanena ne da shekara shida, kuma har yanzu yana hawa bango.

Gobe ka tafi Sule Tankarkar. Kada ka ɗauki motata, zai gane ta daga nesa ya shige gida. Ka hau ta haya. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ba shi ƙunshin nan, layar kakanka ce. Ka ce masa na buɗe. Ka ce masa na yi masa ƙazafi, kuma na faɗa wa liman da maƙwabtan da suka tsaya a ranar, jiya na tara su a zaure na faɗa, ina kwance a kan tabarma. Sannan ka karanta masa abin da likita ya ce, duka, har wurin yatsa da wurin yanka, kada ka tsallake don kunya. Bitrus ya ce zai raka shi Kano duk ranar da ya shirya. In ya ce ba zai je don ni ba, ka ce ya je don 'ya'yansa maza uku.

In ya kore ka, kada ka mayar masa da magana. Ka bar layar a kan tabarmarsa ka taso, ka kama hanyar aikinka ranar Juma'a kamar yadda aka tsara. Ban yarda ka fasa tafiya don ni ba. Zamanka ba zai sa maginan nan su ajiye cokali ba.

In kuwa ya tambaye ka ko ina son ganinsa, ka ce masa ya ɗaga tabarmar bakin zaure in ya zo. Ramin yana nan. Katako kawai na ɗora a kai. Ni da na yi wa rabin garin nan daɓe, na kasa rufe wannan. Ba ni na sa layar a ciki ba tun farko, ba kuma ni zan mayar da ita ba.

Allah Ya kiyaye hanyarka, ta gobe da ta Juma'a. Ya tsare ka a kan gini da ƙarƙashinsa. Ya sa abin da ke barci a jikinka ya yi ta barci har ka tsufa ka ga jikokinka. Ya ba ka sauƙin kai da ni ban samu ba. Ka yafe mini ƙaryar tsani. Ka riƙe mahaifiyarka.

In ka dawo daga wurin Baffanka, ka shigo ka gaya mini abin da ya ce, ko mene ne. Zan juya fuskata bango don ka iya faɗa.

Wassalam.

Mahaifinka.